Maɗin Kanada

Abarshi kuku bai rasa aikinsa ba, kuma duk wanda aka gayyata bikin Ranar Kanada ya ci har ya lashe hannu. Abu ɗaya ne ba a ci ba a wajen: abin da aka tara mutane domin su ci.

An yi bikin ran ɗaya ga Yuli, 1952, a gidan Baturen Daji da ke bakin Birnin Gwari. Sunan Baturen Mista Galbiret, amma Mai Ganye kowa ke ce masa, saboda wani ɗan ganyen ƙarfe da yake maƙalawa a hularsa. Hausarsa ba laifi, haƙurinsa ma haka, sai fa in an ce masa mutumin Ingila. Nan take zai tsayar da aiki ya bayyana cewa shi ɗan Kanada ne, kuma itatuwan ƙasarsu sun fi mutanen Ingila yawa. Masu gadin daji sun gane wannan. In rana ta yi zafi sai ɗayansu ya tambaye shi labarin Ingila, kowa ya nemi inuwa ya zauna.

Tun bazara mahaifiyarsa ta aiko masa da wani gwangwani mai hoton ganyen nan, ya kulle shi a kabad yana jiran ranar ƙasarsu. Kukun da Abarshi ya gada an sallame shi ne don kawai an same shi yana jijjiga gwangwanin a kusa da kunnensa.

Matsalar ta taso ne ranar Juma'a, da Mai Ganye ya je da kansa ƙofar Liman Mu'azu don ya gayyace shi. Ya ce zai ba su abin da ke cikin gwangwanin nan, wanda babu irinsa a duniya. A ƙasarsu, in ji shi, akan huda itace, a cusa ɗan bututu, a rataya bokiti, ruwa ya yi ta ɗiga. Babba da yaro kowa yana sha, in lokacinsa ya zo har rawa ake yi a daji.

Duk wanda ya taɓa ratsa kurmin Dogon Dawa ya ga tukurwa da gora rataye a wuyanta, ya kuma san bammi ne ke ɗiga a ciki. Liman ya tambaya cikin ladabi ko haka nan ake shan sa. Mai Ganye ya ce a'a, sai an dafa shi sosai. Bayan ya tafi Liman ya ce ai burkutu ma dafa shi ake yi.

Ƙin zuwa ba zai yiwu ba, don masallaci yana jiran izinin sare giginyar azara, izinin kuwa yana hannun Mai Ganye. Sai abin ya faɗo kan Abarshi, Liman ya aika aka kira shi.

"Ni na raɗa maka suna," in ji Liman. "Yanzu da hannunka za ka miƙo mini giya?"

"Allah gafarta Malam, in na taɓa gwangwanin nan korata zai yi."

Liman ya ce bai ce ya taɓa ba, bai kuma ce kada ya taɓa ba. Tambaya kawai ya yi.

Abarshi ya nufi gidan yayarsa Maiturare, mai sayar da maɗi da alewa a kasuwa. Ta saurare shi tana tsince gero, ta yi dariya har sai da ta ajiye faifai. Ta ce tana da busasshiyar ɗinyar bara, za ta dafa masa maɗi, ta kuma tambayi launin na Baturen. Ya ce bai taɓa ganin cikinsa ba.

"Kukun Nasara ke nan," ta ce. "Ka iya dafa abin da ba ka ci, yanzu kuma za mu kwaikwayi abin da ba ka gani ba."

Ranar biki da hantsi Mai Ganye ya buɗe gwangwanin, ya sansana, ya rufe ido ya daɗe. Sannan ya ba Abarshi ya ce ya tsoma shi cikin ruwan zafi ya yi ɗumi, shi kuma ya fita ɗaura tuta a kan doguwar gora. Abarshi ya leƙa. Abin ciki ja-ja ne garai-garai kamar zuman fari. Maɗin da Maiturare ta kawo ta ƙofar baya kuwa baƙi ne wuluk. Ta tsarma shi da ruwan zafi, ta narka mazarƙwaila a ciki, ta tace da ƙyalle, ya ɗan yi haske, ta ce iyakar abin da Kanada za ta samu ke nan. Suka juye na ainihin a kwalba, suka cika gwangwanin da maɗi. Wani ɗigo ya zauna a yatsan Abarshi. Ya dube shi na ɗan lokaci, sannan ya goge a riga.

Maiturare ta bi ta gidan Liman da kwalbar. Kafin azahar babu wanda aka gayyata da bai san abin da ke cikin gwangwanin ba.

Hadari ya haɗu amma bai zubo ba. Aka shimfiɗa tabarmi a baranda, Liman a gaba, sai dagatan Kakangi da Tabanni, sai Arɗo Bakoji da ya zo da ƙwaryar nono, masu gadin daji suna baya. Mai Ganye ya yi jawabi a kan tafkuna da ƙanƙara da alkama. Ya miƙe ƙyam ya rera waƙar ƙasarsu shi kaɗai, da ya gama aka ce amin. Dagacin Tabanni ya tambaya ko mutanen Ingila ba sa jin haushin wannan rana. Mai Ganye ya ce yanzu ba ruwansu, Kanada ke riƙe da kanta. Dagacin ya gyaɗa kai ya ce wannan magana ce ta wani zama daban.

Abarshi ya kawo fanken Turawa, mai faɗi kamar faifai. Mai Ganye ya karɓi gwangwanin ya bi faranti-faranti yana zubawa da kansa. A na farko ya ɗan tsaya ya dubi launin, ya ce zafin ƙasar nan ba ya barin kome yadda yake. Liman ya yi bisimilla da ƙarfi ya sa hannu, sauran suka bi. Dagacin Kakangi ya ce Allah ya ja zamanin Kanada. Arɗo Bakoji ya ce shi kam kamar ya san wannan ɗanɗano, wani mai gadi ya taka masa ƙafa, ya ce yana nufin a mafarki.

Mai Ganye ne ya ci a ƙarshe. Ya yanka da cokali mai yatsu, ya kai baki, ya daina tauna. Abarshi yana tsaye a ƙofar kicin da buta a hannu, yana tunanin inda zai kai kayansa. Baturen ya dube shi. Ya dubi Liman, wanda ke miƙo faranti a ƙara masa. Ya dubi tutar da iskar hadari ke kaɗawa a kan gora. Sai ya haɗiye, ya ƙara wa Liman, ya tambayi jama'a ko sun taɓa jin Ingila tana da irin wannan. Gaba ɗaya aka ce ba ta da shi.

Da la'asar, bayan an watse, ya shigo kicin ya ce a wanke gwangwanin a ajiye, baɗi ma za a yi. A bakin ƙofa ya juyo.

"Abarshi."

"Maigida."

"Baɗi ka gaya wa itacen ya rage hayaƙi."

"To, Maigida."

Izinin giginya ya fito a makon. Mai Ganye bai tambayi inda na ainihin yake ba tukuna, Abarshi kuma bai faɗa ba. Kwalbar tana wajen Liman Mu'azu, wanda ya ce sai ya bincika kafin ya yanke hukunci ko halal ne ko haram. Har yau bai yanke ba. Maiturare, da ta kai alewa gidan ranar kasuwa, ta ce ta ga kwalbar a kan buzunsa, kuma abin da ke ciki bai kai rabi ba.