Jan Zare a Reshen Tsermang

"Riƙe zaren nan da kyau mana, sai ka ce mai jin barci," in ji Kawu Tundup.

Chorol ta yi dariya, ta bi shi cikin ƙayar tsermang da ke bakin kogi. Jakar kayanta na bakin titi, yau za ta hau motar garin Leh ta fara aikin koyarwa. Amma tsohon da ya rene ta ya kafe sai sun ɗaura wa matan itatuwan jan zare, kada masu saran itacen hunturu su haɗa da su. Taurin kai kam, ko jakin gidan ya sallama masa.

Shi ya koya mata bambance mace da namijin itacen tun tana ƙarama. Tohon namiji ɓulɓul yake, ɓawo kan ɓawo, launin tagulla. Na mace ƙarami ne, ɓawo biyu kamar kofaton akuya, ya lafe a jikin reshe. Ƙanƙara na narkewa sai su kumbura su fashe, fure ya riga ganye fitowa. Da kaka kuma matan kaɗai ke cika da 'ya'ya masu launin ruwan lemo.

Da can daga nesa yake nuna su da haɓa. Yau kuwa kowane reshe sai ya kama ya shafa, ƙaya tana ta sukarsa. Ta miƙa masa zare, ya kai hannu gefe, ya damƙi iska.

Ta ƙura wa idanunsa ido. "Kawu, tun yaushe?"

"Tun yaushe me? Ke dai kin cika surutu."

"Kawu."

Ya daɗe yana goge jinin yatsansa a riga. "Tun girbin sha'ir. Kamar hayaƙi nake gani. Da na faɗa miki ai ba za ki tafi ba, na san halinki."

Can sama mota ta danna hon. Ba ta motsa ba.

"Ta masu dankali ce," ta ce.

"Ke! Idona ne ya gaji, kunnena ƙalau yake. Tashi ki tafi."

"Akwai ta gobe. Kujera biyu zan kama, likita ya duba ka. In ka ƙi, ni ma na ƙi."

Ya ja dogon tsaki. Motar ta sake kira, sannan ta wuce. Sai da ƙarar ta ɓace ya jawo wani reshe a hankali, ya karkato shi wajenta.

"To duba mini wannan, 'yar nan. Yatsuna sun daskare."

"Mace ce, Kawu."

"Ɗaura mata."