Kwandon Vinko

"Vinko ko ɓawon burodin bai taɓa ba," in ji Ankica, tana gyara ɗaurin gyalenta a bakin coci. "Yadda aka kai masa kwandon abinci can wurin halwa, haka ake dawo da shi. Mijina ne ke kai wa 'yan zuhudu gari, da kunnensa ya ji."

Matan suka zana gicciye a ƙirji. Wata ta ce an ga haske a tagar bukkarsa. Wata ta ce dama tun rasuwar matarsa Ruža fuskar Vinko ta sauya, ta koma irin ta waliyyan da ke jikin bangon coci.

Malama Zdenka tana tsaye a bayansu, ta dogara da sandarta. Ta koyar da lissafi a makarantar garin har ƙafafunta suka gaji, kuma rabin matan nan sun taɓa yin kuka a gaban allonta.

"Wane Vinko?" ta ce. "Maƙwabcina? Wanda ke cin miyar wake a tsaye don kada zama ya ɓata masa lokacin ƙari?"

"Kai, Malama! Ke dai ba ki yarda da komai ba."

"Na yarda da cikin da ke jin yunwa. Hasken nan wa ya gani?"

Matan suka dubi juna. Ankica ta taɓe baki ta ce ai ikon Allah ba ya bin ta allon makaranta.

Zdenka ta koma gida zuciyarta ba daɗi. Katanga ɗaya ce tsakaninta da Vinko tun suna da baƙin gashi. Tsohon direban jirgin ƙasa ne, mai surutu kamar rediyo, kuma mai ciwon suga. Kullum da safe sai ta ji ƙamshin albasar da yake soyawa kafin ya sha maganinsa. Ranar da zai hau dutse shiga halwa a wurin 'yan zuhudu, ya kawo mata mabuɗin gidansa da buhun abincin kaji.

"Kai za ka yi shiru?" ta ce masa a lokacin. "Sai dai a ɗinke maka baki."

Ya yi dariya, sannan ya dubi ƙasa. "Ruža kullum cewa take ban taɓa barinta ta ƙarasa magana ba. Zan je in yi shiru, maƙwabciya, ko za ta ƙarasa."

Yanzu da ta watsa wa kajinsa hatsi, sai maganar kwandon ta dawo mata a rai. Mai ciwon suga ba ya irin wannan azumin. Vinko ya fi kowa sani, don ya taɓa faɗuwa a kasuwa saboda karin kumallon da ya tsallake. Ta ɗauki rigar sanyinta, ta tari motar haya mai zuwa ƙarshen kwalta.

Daga nan sai tafiyar ƙafa. Kaka ta yi nisa, ganye ya rufe hanya, sanyi na cizon yatsu. Tana hawa tana tsayawa ta huta, tana yi wa kanta faɗa. Idan ta same shi a zaune yana jan carbi fa? Za ta zama abin dariyar gari, tsohuwar da ta je ta fasa wa bawan Allah ibada. Ta fi son hakan. Ta roƙi Allah ya sa ta zama abin dariya.

Wanda ya buɗe mata ƙofar gidan 'yan zuhudun wani tsoho ne siriri, Ɗan'uwa Ambroz, shi ke kula da masu halwa. Magana yake ƙasa-ƙasa, kamar akwai jariri yana barci a kusa.

"Ba a ganin mai halwa, uwa. Shi ya roƙi kaɗaicin nan da bakinsa."

"Ban zo hira ba. Gaskiya ne ba ya cin abinci?"

"Gaskiya ne. Da yawa sukan yi haka. Mukan ajiye kwando a kan benci a waje, mu juya. Wanda ya ci, ya ci. Wanda ya bari, tsakaninsa da Ubangijinsa."

"Idan mutum ba shi da lafiya fa?"

"Akwai farin ƙyalle a kowace bukka. Ya rataya a taga, nan take mu zo. Kullum ina duba tagarsa. Babu ƙyalle."

"Ya gaya muku yana da ciwon suga?"

Tsohon ya girgiza kai. "Bai faɗa ba."

"Ba zai faɗa ba, don kada ku hana shi. Hayaƙi fa? Yana hura wuta?"

"Wasu sukan haƙura da wuta ma, don horon jiki." Sai fuskarsa ta saki, kamar ya tuna abin da zai kwantar mata da hankali. "Amma lafiyarsa ƙalau, uwa. Farkon zuwansa ina jinsa daga nesa yana ta faskare. Ƙwam, ƙwam, ƙwam, har yamma. Na ce lallai wannan bawan Allah da sauran ƙarfinsa."

"Mutumin da ba ya hura wuta, me zai yi da faskare?"

Ambroz ya juya ya dubi kurmin.

"Yaushe ka daina jin faskaren?"

Ya tattara rigarsa ya shige gaba, ita kuma ta bi shi, sandarta na nutsewa cikin ganye. Bukkokin suna warwatse a cikin kurmi, an yi su nesa da juna da gangan don kada tarin wani ya dami addu'ar wani. Ta Vinko ce ta ƙarshe, bayan wani kwari. Kwandon safe yana kan benci, an rufe shi da tsumma. Ga itace a jere jikin bango, ga gatari a kafe a kututture, ganye ya taru a kansa.

A bakin ƙofar Ambroz ya tsaya, hannunsa a sama. Duk rayuwarsa bai taɓa ƙwanƙwasa wa mai halwa ba, hannun ya ƙi sauka. Zdenka ta ture shi gefe ta banka ƙofar.

Wari ne ya fara tararta. Kujera a kife, tebur a karkace. Vinko yana kwance a ƙasa tsakanin gado da murhun ƙarfe, ƙafarsa ɗaya ta juya ta inda ƙafa ba ta juyawa. Ya jawo bargo ya rufe rabin jikinsa. Butar ruwa na gefensa, ba ko ɗigo. Hoton Ruža yana ƙasa, gilashinsa a fashe, ga ƙusar da ya so rataye shi a kai can sama kusa da gicciye. Farin ƙyallen kuwa yana ninke a kan dakalin taga, inda mai tsaye kaɗai zai kai.

"Vinko! Kai, Vinko!"

Idanunsa suka buɗe a hankali. Leɓɓansa sun tsage. Ambroz ya fita a guje neman waya, yana kiran sunan Budurwa Maryamu da ƙarfi, shi da ba a taɓa jin muryarsa a kurmin nan ba. Zdenka ta durƙusa, gwiwoyinta na ƙara. Ta jawo kwandon, ta jiƙa tsumman da madara, ta ɗiga masa a baki.

Ya motsa leɓe. Sai da ta kai kunnenta dab da bakinsa sannan ta ji, don murya babu, iska ce kawai.

"Malama... kin karya doka."

"Rufe mini baki, tsohon banza. Haɗiye."

Ya haɗiye. "Kajina?"

"Sun fi ka ƙiba."

Ya so ya yi dariya, abin ya ƙi. Hannunsa na dama a dunƙule yake. Ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta zaro cokalin miya. Ya lanƙwashe, bakinsa ya baje. Ta dubi ƙafar murhun, ta ga inda baƙin fenti ya goge, ƙarfen na walƙiya.

"Na yi ta kira," ya ce.

"Na sani."

"Ruža... ba ta ce komai ba."

"Ina za ta samu wuri, kana ta buga mata ƙarfe a kunne?"

Wannan karon dariyar ta fito, 'yar ƙarama. Ya riƙe gefen rigarta, bai saki ba har masu motar asibiti suka iso suka ɗauke shi a kan gadonsu, suka gangara da shi ta cikin itatuwa. A asibitin birni likita ya ce ƙugu ya karye, ƙoda kuma ta riga ta gaza. Bai ƙara farkawa ba. Kafin Lahadi ta zagayo aka binne shi kusa da Ruža.

Bayan jana'iza aka taru a gidansa cin abinci, kamar yadda aka saba. Miyar wake da kabeji, burodi, cuku. Ɗan'uwa Ambroz ya sauko daga dutse, ya zauna a ƙarshen tebur, bai taɓa kwanonsa ba. Ankica ce ke zuba miya, tana ba baƙin da suka zo daga nesa labari.

"Ku duba fa, ƙashi a karye, ga sanyi, ga yunwa, amma bawan Allah nan ko uffan bai ce ba. Alkawarin shiru ya ɗauka, da shi ya tafi. Ga Malama nan, ita ta same shi. Malama, ko ba haka ba?"

Kowa ya juyo. Zdenka ta sa hannu a aljihun rigar sanyinta, ta fito da cokalin, ta ajiye shi a kan tebur kusa da burodi.

"Ba azumi ya yi ba," ta ce. "Faɗuwa ya yi daga kan kujera. Ya yi ta ihu har muryarsa ta ƙare, sannan ya yi ta buga wannan a jikin murhu."