Mutum Na Huɗu

"Inna, don Allah ki tsaya wuri ɗaya!" in ji Saje Pyo, mai ɗaukar hoto na soja, yana share gumi da bayan hannu.

Hoto ɗaya tak ya rage a kyamararsa. Da gangan ya ajiye shi, sai ga tsohuwar nan ta riƙe masa hannun riga a bakin tashar jirgin ƙasa ta garin Daegu. Ɗanta Gil-yong zai tafi fagen daga yanzun nan, gidansu kuwa babu hotonsa ko ɗaya. Tausayi ya sa Pyo ya yarda, ga shi yanzu yana da-na-sani.

Ya ce yaron ya tsaya shi kaɗai. Tsohuwa ta yi tsalle ta dire.

"Shi kaɗai? Irin hoton da ake ɗora wa mamaci a kan tebur? Bakinka ya sari ɗanyen kashi!"

To, su tsaya su uku da matar yaron, Ok-bun. Nan ma ta ƙi, domin kowa ya san in mutum uku suka yi hoto, na tsakiya ne ke riga mutuwa. Ta kutsa tsakiya da kanta, Gil-yong ya janye ta. Ok-bun ta shiga, tsohuwa ta fizgo ta waje, tana nuna cikin da ke jikinta.

"Ke rai biyu ce, mara hankali!"

"To mutum biyu," Pyo ya faɗa, haƙurinsa ya kusa ƙarewa. "Ɗaya ta koma gefe."

Uwa ta dubi suruka, suruka ta dubi ƙasa. Babu wadda ta motsa.

Direban motar sojoji ya danna oda har sau uku. Wani kofur ya leƙo yana ihu a hau. Pyo ya ja dogon tsaki. Shekara guda yana ɗaukar hoto harsasai na wucewa ta kansa, bai taɓa shan wahala irin ta yau ba.

Ya juya wajen wata mai gasa dankali a gefe, ya danƙa mata kyamara.

"Goggo, leƙa ta nan. In na ce danna, ki danna wannan. Kada ki girgiza, shi ke nan."

Ya gyara hularsa, ya tsaya daga can ƙarshe. "Shi ke nan? Mun zama huɗu. Babu tsakiya."

Tsohuwa ta ƙirga su da yatsa. Ta yi ɗan tunani. Sai ta mayar da ɗanta gefe ɗaya, surukarta ɗaya gefen, ta jawo Pyo ciki kusa da ita, su biyu suka zama na tsakiya.

"Ɗan nan, kana da uwa?"

"Tana Chuncheon, tana jirana."

Hannunta ya yi sanyi a kan rigarsa. Ta daɗe tana kallon fuskarsa, amma ba ta sake shi ba.

"Ka yafe mini," ta ce a hankali.

Pyo ya dubi kyamara.

"Danna, Goggo."