'Yan Sintirin Ƙirjin Kubura

Mafarkin da na yi jiya da dare, a tsakiyar rigima na tsinci kaina.

"Iya, sakar min kulkina!" in ji shugaban 'yan sintiri, wani bunsuru mai hular kwano.

"Ba zan saka ba sai ka yi aikinka!"

Wai ashe a cikin ƙirjin ƙanwata Kubura muke, wadda likita ya ce tana da ƙari a mama, ita kuma ta ce ba asibitin da za ta, jikinta zai kashe abinsa da kansa. To ga masu kisan nan, awaki ne. Ruwan sama kuma daga ƙasa yake tashi yana jiƙa rufi.

'Ya'yan ƙarin akwai jarirai, ba fuska ba suna, sai rarrafe da hayayyafa. Su kam da an shinshina, kulki ɗaya, shi ke nan. Na ce madalla.

Sai ga wani ɗan ƙarin ya fito, ya girma har da gemu, ya sa riga irin ta 'yan gida. Ya yi sallama. Wallahi awakin nan suka zube: "Barka da hutawa, Baba."

"Ku doke shi mana!"

"Haba Iya, sallama fa ya yi. Ga furfura."

"Ƙanwata yake ci!"

"Mun sani. Ba a yi mana tarbiyyar dukan babba ba."

Ban ankara ba muna wani tsakar gida. Awakin da suka gaji da duka sun ajiye kulake, suna ɗura wa jariran kunu. Ana ɗurawa gemu na fitowa. Na yi salati.

"Au, ku ke renon su?"

"In sun girma sun rage yawo," in ji bunsurun. "Sai dai sun fi ƙarfinmu. Manyan nan maganin asibiti kawai suke tsoro."

"To ai ta ƙi zuwa. Tun bikin 'yar maƙwabciyarmu Lantana take ɓoyewa, ni ce ma na tona wa unguwa."

Ya daina dama kunun, ya zaro ido. "Ta ƙi? Mu kaɗai ta bari da dattawan nan?"

Ya jefar da hular, ya bi ta tsakanin haƙarƙari ya fice, ya bugo ƙofa, garam!

Na farka. Ashe Kubura ce ta bugo ƙyauren ɗakin girki, tana mitar wa ya cinye mata ɗumame.

Na ce, "Ni ce. Sa takalminki."