Takalman Bakin Kogo

Wani dare cikin bazara Malam Armiya'u na Badarawa ya ji wata siririyar ƙara daga ɗakin surukarsa Sa'ida, kamar ana kaɗa ƙararrawa a ƙarƙashin ruwa. Ta yi, ta tsaya, ta sake yi. Shi mutum ne mai son abin al'ajabi, har ya fara raya wa ransa ko wani baƙon tsuntsu ne ya sauka gidan. Sai da gari ya waye ya ga bangon ɗakin fayau. Kwanukan jerenta ne ta sauke ɗaya bayan ɗaya, ta naɗe cikin zannuwa.

Bai ga laifinta ba. Mijinta, ɗansa na fari, ya daɗe da tafiya Nijar haƙar zinariya, wayarsa kuma ta daina shiga. Hashimu ne sunan yanka, sunan mahaifin Armiya'u aka mayar masa, shi ya sa gida ake ce masa Abbati. Ɗan fari, ga kuma sunan uba: tun ranar suna bakin Armiya'u bai taɓa furta shi ba.

Ranar kasuwar Shinkafi, Sodangi mahaifin Sa'ida ya tare shi wajen masu awo.

"Malam, ɗiyar nan tawa ba matar aure ba, ba bazawara ba. In ya rasu, a hwaɗa muna ta shiga takaba. In yana da rai, ya sawwaƙe mata. Wanga zama ya ishe mu."

Armiya'u ya sayar da ɗan maraƙinsa ya kama hanya. Ya ratsa Maraɗi, ya wuce Tawa, yana kallon gonakin gero suna ƙanƙancewa har suka ƙare, sai ƙaya da raƙuma da rijiyoyi masu zurfin da jaki ke jan guga. Daga Agadas wata motar kaya ta sauke shi gindin wasu baƙaƙen duwatsu, inda aka ce 'yan haƙa suna fakewa rana cikin koguna.

Wani tsohon Buzu mai kiwon awaki ya yi masa jagora, Hausarsa tana fita daga bayan rawani. Kogon farko warin kashin jemage ya cika shi. Na biyu sanyi ne da shi kamar cikin randa, a bangonsa kuma an zana shanu masu dogayen ƙahoni da raƙumin dawa, a ƙasar da ko ciyawa babu. Armiya'u ya tsaya yana shafa su da yatsa, har ya manta abin da ya kawo shi.

"Wa ya yi waɗanga?"

"Waɗanda suka tafi," in ji Buzun. "Zo ka ga na waɗanda suka tafi kwanan nan."

A bakin kogo na uku takalma ne jere, kowanne an danne shi da dutse. Buzun ya ce al'adarsu ce: in baƙo ya mutu sukan yi masa sutura, su bar takalmansa nan ko danginsa za su zo. Shi ne ma yake wanke gawarwakin.

Armiya'u ya durƙusa. Can tsakiya ga takalmin taya irin wanda ake yankawa a Shinkafi, dugadugin hagu ya cinye ta gefe, yadda Abbati ke jan ƙafa tun yana yaro.

"Mai wannan ya faɗi sunansa kafin ya cika," in ji Buzun. "Sunaye sun yi mini yawa, Baba, amma in na ji nakan tuna. Wa kake nema?"

"Abbati."

Buzun ya girgiza kai. "Ban binne Abbati ba. Ba shi da wani suna?"

Sunan ya taso wa Armiya'u har maƙogwaro. Ya ji shi a harshe, ya buɗe baki, sai ya ga kamar tsohonsa na tsaye bayansa, ya ga kamar yaron ma zai ji kunya. Babu kowa a wurin sai su biyu da awaki, duk da haka ya kasa.

"Da shi muke kiranai," ya ce.

"To, Allah ya sa yana raye."

Armiya'u ya roƙa a ba shi takalmin. Buzun ya ba shi na hagu, ya ce na dama ya zauna, ko mai shi na gaskiya zai zo.

Da ya dawo Badarawa aka taru a zaurensa: liman, Sodangi, da maƙwabta. Sa'ida na bayan ƙofa. Armiya'u ya kwance tsumma ya ajiye takalmin a tabarma.

Sodangi ya juya shi da sanda. "Rabin samarin Shinkafi irinai su ka sawa. Ni ma ina da shi gida."

"Wanda ya wanke mai takalmin," in ji liman a hankali, "ya tabbatar maka da sunan?"

Armiya'u ya dubi tabarma.

"Ka dai hwaɗa mai sunan ko, Malam?" in ji Sodangi.

"Na ce Abbati."

"Can wa ya san Abbati?" in ji Sodangi. "Ka ci maraƙinka a mota, ka tai har bakin kabari, ka tsaya kunya. Kunyarka ta ɗaure min ɗiya."

Liman ya ce takalmi ba shaida ba ne. Ba takaba, ba zaman makoki, sai a kai magana gaban alƙali a jira abin da shari'a ta yanka na shekaru. Bayan ƙofa aka ji Sa'ida ta tashi, tafiyarta ta yi cikin gida.

Ana haka Mahmuda maƙwabcinsa ya shigo daga gona, ya tuɓe takalma a ƙofar zaure, ya durƙusa. Ya dubi fuskoki, ya dubi abin da ke kan tabarma.

"Jama'a, ku gaya min in san bakin gaisuwa. Barka da dawowa za ni yi mai, ko ta'aziyya?"