Kaluluwar Altine

Nata'ala, mai unguwar Kanya, shi ya kashe Altine. Kada wani ya ce ai tana numfashi. Tana numfashi, ana ɗura mata kunu, amma duk wanda ya san Altine, wadda ake jiyo dariyarta tun daga bakin rafi, ya san wannan da ke jingine da bango ba ita ba ce. Shi ya ba da umarni, Dalhatu wanzami ya riƙe aska.

Unguwar Kanya 'yar mitsitsiya ce a bayan Masanawa. Rafi ya bi ta gabashinta, kurmi ya rufe rafin ruf, ko da rana tsaka duhu ne a ciki. Nan Gwamma mai daddawa da 'yar autarta Altine suke wanke kalwa, ƙudan tsando na cizo suna kaɗewa. Mijin Altine ya tafi cin rani bai dawo ba, ya bar ta da goyo, shi ya sa ta dawo gaban uwarta. Da kaka ta fara zazzaɓi mai zuwa yana tafiya, sai kaluluwa ta fito mata a bayan wuya kamar ƙwallon goriba ƙarami.

Ana nan labari ya zo daga Kabo cewa likitan Nasara yana bin ƙauyuka da malamansa, suna neman ciwon barci. Jera mutane suke yi su shafa musu wuya. Wanda aka ji wa kaluluwa, a soka mata allura a zuƙo ruwanta a duba a madubin likita. In an ga ƙwari a ciki, a sa shi zuwa karɓar allura, unguwarsu kuma a sa ta sare kurminta kaf, don can ƙudan tsandon da ke kawo ciwon yake fakewa.

Nata'ala ya tara dattawa ya ce kurmin na mutanen ɓoye ne, gatari bai taɓa shi ba tun kaka da kakanni. Ƙarya yake. Amyar zumarsa ce rataye a kusan kowace bishiya. Ya ce abu mai sauƙi ne: masu kumburi biyar ne a unguwar, kowa ya san su. Wanzamin da ke cire wa jariri beli ba zai kasa cire wa babba kaluluwa ba. A cire, wuri ya warke, Nasara ya shafa ya ji fayau.

Gwamma ta ji, ta yafa zane ta same shi a zaure.

"Nata'ala, in ka yi tuntuɓe a yatsa, ina kaluluwa take fito maka?"

"A matsematsi, Inna Gwamma."

"To ciwon a matsematsin yake ko a yatsa? Ita kaluluwa 'yar aike ce, cewa take yi baƙo ya shigo jiki. Ka yanke ta, baƙon fita zai yi?"

Dattawa suka yi dariya. Wani ya ce, "Yau ga likita mai warin daddawa."

"Warin nan shi ke sa ka lashe akushi," in ji ta. "Kada wanda ya taɓa min 'ya."

Suka jira ranar kasuwar Kabo, inda Gwamma take kai daddawa. Gwamma ta dawo da la'asar, ƙwarya a ka, ta tarar da Altine zaune da tsumma ɗaure a wuya, jini ya bushe mata har gadon baya.

"Inna, cewa suka yi in na ƙi, ni ce zan jawo wa unguwa fushin mutanen kurmi. Dalhatu ya ciro uku, ya nuna min a tafin hannunsa."

Bayan mako uku malamai suka zo. Aka jera mutane a rana, maza gefe, mata gefe. Malamin da ke shafa wuyan mata ya gaji, ga layi har bakin rijiya. Ya taɓa Altine, ya ga tabo, Nata'ala na tsaye a kafaɗarsa ya ce ƙaho aka yi mata don ciwon kai. Gwamma na bayanta. Ta buɗe baki, ta ga idon unguwa duka a kanta, ta rufe. Wannan shirun shi ke cin ta har yau, ba ta ɓoye shi ba.

"Lafiyarta lau. Wuce," in ji malamin.

Damina ta faɗi, barci ya fara. Altine na daka, sai a ji taɓarya ta yi shiru, a leƙa a gan ta tsaye ta jingina goshi da ita. Ta sa lomar tuwo a baki da dare, a zo da hantsi a tarar da lomar tana nan. Jaririyarta na tsotso, hannu ya saki, sai da Gwamma ta cafe ta daf da ƙasa. Sauran huɗun ma haka. Da rana tsaka, mutane na gona, sai su fito ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya kira wani, su zauna a gindin kanyar tsakiyar unguwa, kai a sunkuye, kamar sahun da ya yi zaman tahiya liman ya manta da sallama. Ƙudaje na yawo a leɓunansu. Awaki ma suka daina bi ta wajen.

Gwamma ta ari jaki ta ɗaure 'yarta a kai da zane, ta ja har Gwarzo inda malaman suka yada zango. Wani dattijo cikinsu ya ɗaga haɓar Altine, ya bi tabon da yatsa.

"Inna, wannan ba ƙaho ba ne. Wa ya yi mata?"

Ta faɗa masa.

"Innalillahi. Da mun ji kaluluwar a lokacin, da yanzu tana tallar daddawa. Ciwon ya hau kai. Za mu yi abin da za mu iya."

Suka yi. Allura bayan allura, har aka yi girbin gero. Altine ta dawo yadda ta tafi, sai dai ƙashin wuyanta ya ƙara fitowa. Kafin su dawo, biyu daga cikin na gindin kanya an kai su makwanci.

Ranar Juma'a da hantsi, dattawa sun cika zauren Nata'ala kafin tafiya masallaci, sai ga Gwamma da 'yarta goye a baya, ƙafafun suna jan ƙasa. Ba ta yi sallama ba. Ta ratsa su, ta sauke ta a kan buzun da mai unguwa yake zama, ta gyara mata ɗankwali.

"Haba Inna Gwamma, wace irin..." in ji Nata'ala.

Altine ta buɗe ido. Rabon da a ga ƙwayar idonta an yi kwana huɗu. Ba ta dubi kowa ba, kusurwar zauren ta duba, inda babu komai sai tsohon sirdi, ta rusunar da kai.

"Ina kwana, Baba Uwaisu. Ku ɗan matsa min."

Uwaisu uban Nata'ala ne, shekararsa tara a ƙasa. Na kusa da kusurwar suka janye ƙafa. Dalhatu wanzami ya miƙe zai sulale, Gwamma ta tare ƙofa da jikinta.

"Zauna, mai aska! Kai kuma Nata'ala, ranar da aka yanke maka cibi ina ɗakin, kada ka ce min ƙaddara. Ƙaddara ba ta jiran ranar kasuwa. Ga ta nan a kan buzunka, ba zan ɗauke ta ba. Ko ka tashe ta yanzu ta tafi gida da ƙafarta, ko ka sa takalminka mu je gaban alƙali, kai da wanzaminka, ka faɗa da bakinka abin da ya sa ka yanka min wuyan 'ya. Ina saurare. Ba ni amsa!"