Ƙwaya Ta Uku

Shekara huɗu ke nan Baƙon bai leƙo gidan ba, amma matar mai burodi ba ta daina kasa kunne ga takunsa ba. Haka take kiran ciwon mijinta, don idan ya zo, jikin na maigida ne, muryar ma tasa ce, amma mai leƙowa ta cikin idanun nan ba ta san shi ba. Zuwansa na ƙarshe kwana shida bai runtsa ba, yana waƙa yana ɓalle ƙofofin ɗakuna, wai gida na son iska. Daga nan kuma ya kwanta wata biyu fuska ga bango.

Likita ya sa shi kan litiyam, ƙwaya biyu kullum. Ya ce, "Aikinsa daidaita saƙonnin ƙwaƙwalwa, kada mutum ya hau can sama, kada kuma ya faɗa rami. Amma sai ya tsaya daidai ma'auni a jini. In ya yi kaɗan ba ya aiki, in ya yi yawa guba ne. Ya riƙa shan ruwa, a riƙa gwada jini." Baiwar Allah, rabin farko kawai kunnenta ya riƙe.

Ana nan sai aka mayar da maigidan bakin tanda a gidan burodi. Kullum ya dawo rigarsa sharkaf da gumi. Wata safiya ta ga cokali na rawa a hannunsa, yana bugun kofi, ƙas, ƙas, ƙas, kamar wani ne a waje yake so a buɗe masa. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura.

Ba ta ce masa uffan ba. Ta daka ƙwaya ta uku ta zuba masa a shayi.

Ya yi shiru kuwa, amma wane irin shiru! Da rana tsaka sai ta same shi a falo yana bin bango da hannu, idanunsa na karkarwa. Ya kira ta, harshen ya yi nauyi kamar ba nasa ba. Ta ce a ranta, Baƙon ne ke kokawa, bari magani ya ci ƙarfinsa. Ta ci gaba da dakawa, har ranar da ya yi amai ya zube a bakin ƙofa.

A asibiti nas ta shigo da takardar jini, fuska ba walwala. "Maganin ya taru masa. Gumi ya kwashe ruwan jiki, ƙoda ta kasa fitar da maganin, rawar hannun nan gargaɗi ce tun farko. Amma gumi kaɗai ba ya kai mutum nan. Guda nawa yake sha? A faɗa mini gaskiya, da ita za mu ceci ƙodarsa."



"Uku," in ji maigidan daga kan gado, da ƙyar. "Kwana tara. Ni na ƙara."

Nas ta fita da sauri. Matar ta juyo ta dube shi da mamaki, don ko inuwarta ba ta gaya wa ba.

"Baban yara, ka sani?"

"Tun kurɓar farko na ji ɗacin."

"To don Allah me ya sa ka sha?"

Ya daɗe yana haɗa kalmomin. "Na ga irin kallon da kike wa hannuna. Na ce ƙila ke kin gan shi ya shigo, ni ne ban gani ba."